Fadamar Gummi Ba Ta Zuwa Kano

Assalamu alaikum, Sahabi ɗana.

Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, har ina jin ka kana zuge jaka kana sake buɗewa. Allah Ya tsare ka, Ya tsare hanyar da za ka bi daga nan Gummi har Kano, Ya sa ka sauka da lafiyarka da kayanka da hankalinka, don ukun nan ba kullum suke isa tasha tare ba.

Kada ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke cin tuwo a kwano ɗaya. Na gwada yi maka magana da baki, amma duk inda na tsaya jan numfashi sai ka cusa mini "Baba, ai yanzu zamani ya canza." Takarda ba ta jan numfashi. Shi ya sa na nemo biro, na tuno ɗan abin da aka koya mana kafin in bar aji in koma kasuwa.

Kawunka Bello ya kawo mini saƙonka. Ya zauna ya tambayi lafiyar kowa har da ta jaki, ya koka da tsadar taki, sannan ya fito da maganar: kai da abokanka na Kano za ku shirya fim na aljanu da waƙoƙi, kowa zai kawo kasonsa, kai kuma kana so a jinginar da fadamarmu ta bakin gulbi a ba ka kuɗin ka zuba. Wai ka ce cikin shekara guda za ka fanso ta. Amsarka tana ƙasan takardar nan. Na san za ka so ka leƙa can. To leƙa, amma ba za ka gane ta ba sai ka biyo ta nan.

Ka san fim ɗin nan Kasuwar Ƙarƙashin Ruwa. Ka tashi kana jin waƙoƙinsa a gidajen biki, ka kuma sha ganin ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga wanda ya yi shi. Na lura tun kana ƙarami nunin nan yana yi maka daɗi. Ni ma yana yi mini, shi ya sa ban taɓa ba ka labarin ɗaya gefen ba.

Lokacin kana goye. Ina kai shinkafa Kano, sitona cike, ga sabon babur, ina jin daga nan har Anka babu wanda ya kai ni lissafi. Wata rana na gama cinikina na biyo ta layin masu sayar da kaset, na tarar da mutane suna turereniya, ana miƙa kuɗi ta saman kawuna. Na tsaya na saki baki. Ni sai in yini ina rantse-rantse kafin in sayar da buhu, ga wasu suna sayar da ɗan akwatin roba babu ko tayi. Ina tsaye a wurin na lissafa musu riba, na ninka, na hango kaina a jirgin Makka. Abin da ban yi ba shi ne in zagaya bayan shagon in tambayi wanda ya kashe kuɗi aka yi abin da ke cikin robar, in ji nawa ya koma hannunsa. Ni da ko akuya ba na saye sai na buɗe bakinta na ga haƙori.

Don haka in ka ga layi a ƙofar shago, ka sani layin na mai shago ne. Ka nemi wanda ya yi kayan, ka gaishe shi, ka saci kallon takalminsa.

A layin kaset ɗin nan aka haɗa ni da wani Garba, wanda kowa ke kira Darakta. Mutum ne mai fara'a, kuma har yau ban riƙe shi da komai ba. Na ba shi labarin da kakata take yi mana muna yara: wani masunci ne 'yan ruwa suka janye masa gorar da yake hawa yana kamun kifi, ya bi ta har ƙarƙashin gulbi, ya tarar da kasuwa da fitilu da sarauniya, inda ba a ciniki da kuɗi, sai dai ka rera waƙa a auna maka kaya daidai daɗin muryarka. Garba ya miƙe tsaye, ya ce, "Alhaji, wannan ko Indiyawa sai haka!" Lokacin ban je Hajji ba, amma a wurinsu duk mai biya Alhaji ne. Na ce nawa zai ci? Ya dubi sama, ya ambaci abin da bai wuce kuɗin motar shinkafa guda ba. Na taya, ya rage. Na sake tayawa, ya sake ragewa. Na dawo gida ina ba Innarka labarin yadda na yi wa Bakano wayo.

Ashe ya yi ta ragewa ne don ba daga aljihunsa za su fita ba. A kasuwarmu in ka taya aka sallama, magana ta ƙare, buhu ba ya ƙara kuɗi a hanya. A fim kuwa, abin da aka faɗa maka ranar farko kuɗin kunna kamara ne. Kuɗin kashe ta kuwa babu wanda ya san shi, har da Daraktan. Na ga takardar lissafin da ku ma kuka yi, wadda ka bari a kan tabarma don in gani. Ta yi tsaf, har da ja layi. Ka riƙe ta a matsayin gaisuwa, maganar tana gaba.

Bari ka ji inda kuɗi suke bi. Na zaci mutum biyar ko shida za su zo. Sai ga bas ta tsaya a ƙofar gidanmu tana zubo mutane: mai kamara, mai kwalliya, mai riƙe fitila, da mai riƙe wa mai fitila waya. Duk suna cin abinci, kuma Kanawa in sun samu shinkafar Gummi da kifin gulbi ba sa tuna hanyar gida. Wannan ma da sauƙi. Duk inda aka kafa kamara rabin gari yana wurin kallo, ka kuma san a garin nan ba a buɗe kwano mutum yana tsaye a ce masa ya juya baya. Innarka da maƙwabta suka koma dafa abinci kamar kullum suna ake yi. Ni kuwa ban damu ba, don ba kuɗi nake fitarwa ba, sito kawai nake buɗewa a ɗebo. Sai ranar da na shiga na yi tari na ji muryata ta dawo mini, sannan na gane sito ma aljihu ne. Sahabi, abin da ka ɗebo daga naka, ko ba ka ƙirga shi da yatsa ba, ya fita. Motar aro da ɗakin aboki da tuwon gidan ƙanwar uwa, duk ka sa su a lissafi, don wata rana za a zo karɓa ko da ba da kuɗi ba.

Sai waƙa. Ni na ɗauka waƙa kyauta ce, tunda mutum da bakinsa yake yi. Ashe sai an koma Kano an shiga ɗakin naɗar murya, a biya mai rerawa, a biya mai kiɗa, a dawo Gummi wata dabam ta riƙa motsa baki. Kuma cikin waƙa guda yarinyar da ta fito a sarauniyar ruwa sai ta sauya kaya ta sake sauyawa, kowanne da ɗankwalinsa da sarƙarsa. Na ja Garba gefe na ce, "Ita wagga, can ƙarƙashin ruwa wa ka yi mata ɗunki?" Ya ce, "Alhaji, masu kallo ba sa tambaya." Na ce, "Mai biya shina tambaya." Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, aka aika Gusau aka ƙaro leshi.

Akwai kuma babban kifin da zai haɗiye masunci ya kai shi ƙasa. Muka sa aka ɗinka shi da buhuna da gwangwala, aka shafa masa fenti, muka tura shi gulbi, ya jiƙe ya nutse muna kallo. Sai na sayi giwan ruwa na gaske a hannun masunta, Garba ya ce zai matso da kamara ya zama ƙato. Rana ta yi zafi, aka ce a bari sai ta yi sanyi. Kafin ta yi sanyi na jiyo ƙanshi daga bayan bas. Washegari na sayi wani, na zauna kusa da shi da sanda.

Amma babbar asarar ni na jawo ta da hannuna, fadar sarauniya. An yi ta da katako da yadi mai walƙiya da madubai birjik, sai da na kwashe maduban kasuwar Gummi kaf na haɗa da na Anka. Ana iya kafa ta a kan tudu, cikin gonar albasar wani, a ba shi ɗan abin da ya samu. Na ce ina dalili, ga yashi shimfiɗe a tsakiyar gulbi kyauta? Ƙarshen rani ne, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ni haifaffen bakin gulbin nan ne, na san ko ɗigo bai sauka a Gummi ba, in an yi ruwa can sama gulbi yakan taso ba sallama. Babu wanda ya ruɗe ni, na sani sarai. Na dai ce zai jira mu gama. Mun ɗauki fitowa ɗaya tak a cikinta, da gari ya waye muka zo muka tarar da ruwa yana ta tafiyarsa, ko ƙusa bai bar mana ba. An daɗe masunta na ƙasa da mu suna jawo madubi a cikin homa. Har yau akwai ƙauyen da in na je cin kasuwa matansu suke mini godiya.

Duk abin da ka ga kyauta ne, ka tambayi kanka me ya sa babu wanda ya riga ka zama a wurin.

To ka san abin da mutane suka fi so a fim ɗin? Inda ɗan ruwa yake ɓacewa. Ka san nawa ya ci? Garba ya ce a tsaya, mutumin ya taka ya fita, aka sake kunna kamara. Shi ke nan. Ko kwabo. Sai waƙar da masunci ya yi shi kaɗai a cikin kwalekwale da tsohuwar rigarsa, wadda muka ɗauka don cike gurbin fadar da ruwa ya tafi da ita. Ita ce yau ake yi wa amare. Leshin nan kuwa ban taɓa jin wanda ya tuna launinsa ba. In abokanka suka ce sai an kashe kuɗi a wani wuri, ka tambaye su: wannan za a ba da labarinsa a hanyar komawa gida? In sun yi shiru, ka mayar da hannunka aljihu.

Da aka gama haɗa fim damina ta yi tsakiya. Kai ka san lokacin: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ɗan abin da ke hannun manomi ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. Ko mai sayar da gishiri ya san ba lokacin fito da sabon kaya ba ne. Da na yi haƙuri zuwa kaka, lokacin da kowa ke tafe aljihu na ƙara, da labarin ya sauya. Amma ina ɗoki, ga kuma masu bina bashi sun fara yawan gaishe ni. Na ɗauko hayar majigi da janareta daga Gusau, na share sitona, tunda dai babu komai a ciki, na toshe tagogi da buhu, na ce mata da hantsi, maza bayan la'asar. Na zauna a bakin ƙofa da kwano.

A nan ne sana'ata ta ci ni. Ka san da me na yi suna a kasuwa: gyara. In mace ta sayi tiya, sai na cika hannu na ƙara mata, wani lokaci har sau biyu, shi ya sa layina ba ya yankewa. Ban taɓa zaton gyara za ta biyo ni ƙofar kallo ba. Ta farko da ta iso Gwaggo Hajo ce, ƙanwar mahaifina, Allah Ya ji ƙanta. Ta taho da surukanta da jikokinta da wata maƙwabciya, jere a bayanta kamar agwagwa da 'ya'ya. Ta jefa kuɗi a kwano.

"Ga na mutum guda."

Na ce, "Gwaggo, waɗanga hwa?"

"Gyara na."

"Haba Gwaggo, ina anka taɓa yin gyara ta hi tiya?"

Ta gyara mayafi ta dube ni sama da ƙasa. "Kai Bawa, ni da nig goya ka har kam ɓata man zane? Kuma tabarmar da sarauniyar taku taz zamna bisa, ta wa ta? Kauce man in ga tabarmata."

Na kauce. Matan da ke bayanta sun ji, ka kuwa san abin da mace guda ta ji a layi, layi duka ya ji. Kowacce ta biya na mutum ɗaya ta kaɗo gyararta. Da la'asar maza suka zo da nasu salon. Wannan kwalekwalensa ne aka hau, wancan jakinsa ya gifta a bayan masunci, wani kuma ya ce ƙeyarsa ta fito a kasuwar 'yan ruwa, ya za a yi mutum ya biya kuɗi don ya ga ƙeyarsa? Wallahi duk gaskiya suka faɗa. Da Gummi aka yi fim ɗin, don haka Gummi ta ɗauka nata ne.

Sito ya cika har ana hawa kafaɗar juna. Ana ihu, ana tafi, in ɗan ruwa ya ɓace tsofaffi su yi salati. Kullum haka. Mutane suna tare ni a hanya suna cewa, "Bawa, Allah Ya yi maka, a riƙa tunawa da mu." Ni kuwa in an watse, mai majigi ya zare nasa daga sama, a cire na mai, abin da ya rage a kwano in sa a aljihu ko nauyinsa ba na ji. Ga suna ya tafi cewa na yi kuɗi, har masu neman rance suka fara sallama.

Na ɗauki kayan na shiga ƙauyuka. A Gwashi, can ƙasar Bukkuyum, sun cika fili, suka ce sun ji daɗi ƙwarai, za su biya da dawa in kaka ta yi. Wani Bafulatani dai ya ba ni kaza da ƙwaryar nono, shi ne babban cinikin ranar. Sai da na kai wajen Anka, kusa da inda ake haƙar zinariya, lokacin ma haƙar ba ta kai ta yanzu ba. Mutanen wurin baƙi ne daga nesa, wani ma Hausar da ƙyar. Babu wanda ya goya ni, babu mai jaki a ciki. Suka biya kowa da kansa, suka kalla, suka fito, suka sake biya suka koma. Na riƙe kwano ina jin kamar in yi kuka.

Ka ji wannan da kyau. Cikar ɗaki dabam, cikar kwano dabam. Ka fara kai kayanka inda ba ka da gwaggo. In ka gama cin kasuwa a can, ka kawo shi gida ka nuna kyauta, ka kuma faɗa da bakinka cewa kyauta ce, ka samu lada da godiya. Ni na yi kyautar, amma ina ɓata rai, ka ga na rasa kuɗin na rasa ladan.

Da na zauna a wajen Anka na ɗan lokaci, wataƙila da na farfaɗo. Amma na gaji, mai majigi yana son kayansa, kaset ɗin da muka buga kuma ba ya tafiya, don guda ɗaya ake saye a unguwa, ya bi gida gida aro har ya shaƙe. Ana cikin haka wani dillalin kaset ya zo daga Kano, da farar riga da taushin murya. Ya ce ya ji an yi asara, ya zo ya taimaka. Zai sayi uwar kaset ɗin, wadda daga ita ake buga sauran, da duk wani haƙƙi da ke kanta, ya ba ni kuɗi a hannu in huta. Abin da ya bayar bai kai na madubai da leshi ba. Na karɓa har ina yi masa addu'a. Ni Bawa, wanda ke yi wa manomi dariya in ya sayar da shinkafa ranar da aka casa ta, ni da na ci abinci shekara da shekaru da saye da kaka in ɓoye sai ta yi tsada. Ba zan zalunce shi da zargi ba, ciniki muka yi da shaidu. Ya dai yi mini abin da nake yi wa manoma, ya kuma fi ni iya sallama.

Da farko a Kano dariyar maganarmu aka riƙa yi. Sannu a hankali dariyar ta koma so. Kaset ya wuce aka mayar da shi faifai. Faifai ya wuce, gidajen talabijin suka riƙa sa shi da salla. Yaran da suka kalle shi a matsayin gyara suka girma suka riƙa nema wa 'ya'yansu. Duk sanda fim ɗin ya sauya gida akwai wanda aka biya, kuma ba Bawa ba ne. Bara a tashar Gusau na miƙa wayata ga mai tura finafinai na ce ya sa mini shi. Ya karɓi kuɗina, yana turawa yana cewa, "Baba ka san abu mai kyau. Wanda ya yi fim ɗin nan ai ya kwashi kuɗi." Na ce, "Haka nika ji."

Saboda haka in an tambaye ka ko fim ɗin babanka ya ci riba, ka ce ya ci, har ya ninka abin da aka kashe ban san sau nawa ba. Shekarar farko ce kawai ya faɗi, ni kuma a shekarar farko na sauka. Irin wannan kaya ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa in ya kwana. Kada ka sayar da uwar, ko da yanzu ba kaset ba ce, ko a cikin me kuke ajiye ta. Ka ba da haya, a sa lokaci, a rubuta, lokaci ya cika ta dawo. Kai da abokanka kuma ku rubuta kason kowa tun kuna dariya da juna, kafin a kunna kamara.

Yanzu ga abin da kawunka Bello bai faɗa maka ba, alhali shi ne shaida. Ranar da gulbi ya tafi da fada, kuɗina sun riga sun ƙare, fim kuma yana rabi. Rabin buhu ana sayar da shi, rabin fim kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Sai na jinginar da fadamar nan da kake magana. Na ce wa wanda ya karɓi jinginar shekara guda. Ka san yadda jingina take: shi zai riƙa nomawa yana kwashe amfanin har ranar da ka dawo masa da kuɗinsa cif. Bai cuce ni ba ko kaɗan. Ya noma ta, ya sake nomawa, ya sake. In zan wuce ta wurin sai in kau da kai in yi kamar ina duba tayar babur. Har na sayi shinkafar gonar ubana a hannunsa na kai kasuwa. Ana rera waƙar masunci a gidan biki, ana nuna ni, ni kuwa ina tunanin abin da za a ɗora a murhu.

Ba ni na fanso ta ba. Innarka ce. Ta riƙa sayen shinkafa mai ɓawo tiya tiya, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sayar, ta zuba adashi. Ka yi rarrafe, ka yi tafiya, ka shiga makaranta, tana kan tukunyar nan, hayaƙi ya canza mata launin ido. Ko sau ɗaya ba ta ambaci madubi a gabana ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ranar da kuɗi suka cika ta sa aka kira kawunka da liman, aka kai wa mutumin, ni kuma a gabansu na ce da bakina daga yau fadamar nan tata ce. Ka ga ashe ka aiko wa wanda ba shi da ita.

Duk da haka na isar maka da saƙo. Na same ta a tsakar gida tana baza shinkafa a rana, na faɗa mata yadda kawunka ya faɗa mini. Ta tsaya da hannu a cikin shinkafa.

"Malam, shekara guda yac ce?"

"Haka yac ce."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi tana share ido. "Wanga ɗanka na, babu ko tantama. Har shekarar iri guda."

Da ta nutsu ta ce, "Hwadama ba ta zuwa Kano. Amma shinkafar da tab ba mu bana ta tahi." Ga yadda ta yanke. Duk abin da ta ajiye na noman rani naka ne ka sa a fim, sai dai ba yanzu za a sayar ba, sai farashi ya tashi, ni zan sayar in aiko maka. Kuma ba kyauta ba ce. Ta ce a rubuta sunanta cikin masu kaso, da haƙƙinta a kan uwar fim. Ta ce, "Ka hwaɗa mai, in sunka sai da shi ban sani ba, har Kano nika zuwa da muciya." Na san ta, za ta zo, kuma ni zan biya kuɗin mota.

Ni ma na sa nawa. Ragon nan da nake kiwo a bayan ɗaki, wanda kake cewa na fi kula da shi a kanka, ya shiga fim. A sayar da shi, ban ce a nuna shi ga ma'aikatanku ba.

Na san duka bai kai abin da ka yi wa abokanka alkawari ba. Ka gaya musu gaskiya ranar da ka sauka, tun kafin ka sha ruwansu. Ku rage aljanu, biyu ma sun isa su tsorata mutum. Ku rage kaya a waƙa. Ku jira kuɗin su iso kafin ku tara jama'a. In suka ce sun fasa da kai don kasonka ya yi kaɗan, to ka san su da araha, ni sai da na biya mota uku ta shinkafa kafin in san nawa.

Kafin ka fita ka shiga ka durƙusa ka yi mata godiya, kada ka sake tayar da maganar fadama. Ka kama motar safe, kada la'asar ta same ka tsakanin nan da Anka, ka san yadda hanya take yanzu. In direba ya ce a tsaya a jira, a jira, Kano ba ta gudu. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko kamara tana kunne. Ka riƙa kiran Innarka ko ba ka da labari, muryar take so.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da abokan ciniki masu tsoron Sa, Ya sa albarka a abin da za ka kunna da abin da za ka kashe. In fim ya ci, mun gode Allah, ka zo mu kalla. In kuma ya faɗi, kada kunya ta riƙe ka a Kano kana kwana a shagon mutane. Hau mota ka dawo gida. Za ka tarar da shinkafa a tsaye a bakin gulbi tana jiran mai yanka, kuma ba sai ka kau da kai ba in za ka wuce ta wurin.

Babanka,
Bawa mai shinkafa,
Gummi.